Rijiya a tsakiyar dankali

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau na jawo wa kaina aiki, kuma da bakina na jawo, ba wanda ya aike ni. Tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita a nan Galway ta ƙasar Ayilan, wadda yarana ke kira Kaka, ta aiko mana da kwano a rufe bayan la'asar. Ina buɗewa na ga dankalin turawa an farfasa shi lukui, koren ganye ya ratsa shi, an yi rami a tsakiya, man shanu ya narke ya cika ramin taf. Kolkanon ake ce masa. A harshen mutanen Ayilan na asali cál ceannann ne, wato kabeji mai farin kai. Ni da Maigida da babbar 'yata muka yi masa tas. Auta yana gefe da biskit ɗinsa yana kallonmu, don tun yana goye jikinsa ba ya karɓar nonon saniya. Ko cokalin da ya taɓa madara ya lasa, sai borin jini ya feso masa, idanu su kumbura. Bai yi kuka ba, ya riga ya saba. Da kukan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da na je mayar da kwano (na zuba mata cincin, ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam), ta ce daren 31 ga Oktoba shi ne daren wannan abinci a ƙasar nan tun kaka da kakanni, kuma bana tana so mu ci tare a gidanta. Sai na ji bakina ya ce ni zan dafa, irin wanda Auta zai iya ci. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "'Yata, kolkanon ba man shanu ai dankali ne da ciyawa."

Sati bakwai da kwana biyar ke gare ni. Ba madara, ba man shanu, ba kirim. Naman aladen da gidaje da yawa ke ci da shi dama ba ya cikin lissafinmu. In an cire waɗannan, duk abin da ya saura a tukunyar daga ƙasa ya tsiro.

Lahadi, 15 ga Satumba

Gwaji na farko, kuma abin kunya. Na ɗauko ƙananan dankali masu santsin baya, irin waɗanda idona ya saba da su a kasuwar Farin Gada a Jos, na feraye, na yayyanka ƙanana don su yi saurin nuna, na dafa har suka soma narkewa. Na tsiyaye ruwa, na kwara madarar ots, wani hatsin Turawa, da sanyinta daga firij, na kama tuƙi da muciya. Da na ga gudaji sun ƙi mutuwa sai na juye a injin markaɗe. Minti ɗaya bai cika ba abin ya yi danƙo, ka ɗaga cokali ya biyo shi kamar miyar kuɓewa.

Laifin hannuna ne, hannun sakwara. Mu a wurinmu kirɓa ita ce gwaninta, a yi ta dukan doya har ta haɗe ta yi sheƙi. A nan akasin haka ake nema. Sitacin dankali yana ƙunshe ne cikin wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani. In ya dahu sai jakunkunan su kumbura su rabu da juna, garin da ake so ke nan. In ka matsa musu da duka ko da wuƙar inji sai su fashe, sitacin ya malalo ya zama gam, kuma in sun fashe ba mai ɗinke su.

Na ɗauki tukunyar na nufi kwandon shara na bayan gida. Kaka tana shanya, ta hango ni. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi in miƙo mata ta kan katanga. Kafin in zagaya ta wanke kaskonta sau biyu saboda Auta, ta zuba fulawa a kan ɓarnar tawa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na yawan dankalin, ta barbaɗa gishiri, ta murza da hannu, ta faɗaɗa kamar gurasa, ta yanka gida huɗu, ta gasa a busasshen kasko. Auta ya ci biyu a tsaye.

Tana gashi tana magana, ba ta ko dube ni ba. 'Yar Mayo ce, can yammacin ƙasar, ɗaya daga cikin yankunan da babbar yunwar 1845 zuwa 1852 ta fi ɗaiɗaitawa. Cutar da ke ruɓar da dankali a gona ta shigo ne a lokacin da talakan ƙauye ba shi da wani abinci sai shi, ƙato mai aikin ƙarfi yana iya cin kilo biyar zuwa shida a yini. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan kuma suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila, a ƙasar da ƙidayar 1841 ta ba mutum miliyan takwas da 'yan kai. Har yau tsibirin bai sake kai wannan adadi ba. Ta ce ita ba ta ga yunwa ba, uwarta ma ba ta gani ba, amma a gidansu ba a taɓa zubar da dankali ba, ɓawon ma kaji ake ba. Na tuna Hajiyata tana tsince ƙwayar shinkafa a kan tabarma, na rasa inda zan sa fuskata.

Laraba, 18 ga Satumba

Na kira Hajiya na kwatanta mata abincin. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "To ai faten dankali ne da ya rasa manja da attaruhu." Na ce ba haka ba ne, amma na kasa faɗin inda suka rabu. Ta ce in dai Arish ne, wa zai koya wa 'yar Jos? Haka muke kiransa a kasuwa tun muna yara, ban taɓa tsayawa na ce ashe sunan wata ƙasa muke kira ba, sai ga ni zaune a cikinta. Shi kansa dankalin ba ɗan nan ba ne, daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, Sifaniyawa suka kawo shi Turai a ƙarni na 16. Hajiya ta ce manoman Bokkos da Mangu ma suna kuka da cutar da ke ƙone ganye duk daminar da ruwa ya yi yawa. Ita ce dai cutar nan ta 1845.

Asabar, 21 ga Satumba

Na je kasuwar Asabar da ke ci a gindin cocin St Nicholas. Na tsaya gaban wani dattijo mai buhunan dankali da ƙasarsu a jiki, na ce na kolkanon nake so. Bai ɓata baki ba, ya nuna mini iri biyu. Ɗaya Rooster, jar fata, ciki mai ɗan rawaya, wanda aka samar a cibiyar binciken noma ta Oak Park da ke Carlow, ya shigo kasuwa a farkon shekarun 1990, yanzu shi ya fi kowane iri yawa a shagunan ƙasar. Ɗayan Kerr's Pink, asalinsa ɗan Sikotilan, ya haura shekara ɗari a gonakin Ayilan, fata ruwan hoda, ciki fari, da idanu masu zurfi da ke ba mai feraya haushi. Ya ce tsofaffi shi suke nema. Na sayi kilo biyu-biyu.

Ashe amsar da na kasa ba Hajiya a nan take. Mutanen nan suna raba dankali kamar yadda muke raba doya da rogo: mai gari da marar gari. Babban yabon dankali a bakinsu shi ne a ce curin gari ne. Wanda na dafa wancan sati marar gari ne, na salak da fate, wanda ba ya wargajewa a tukunya, kuma wanda na tashi da shi a Filato, irin su Nicola, haka yake. Da yamma ni da babbar 'yata muka narka gishiri kofi ɗaya a ruwa kofi goma sha ɗaya muka jefa su ciki. Masu garin suka nutse, ragowar ƙananan nan nawa suka taso suna lilo.

Lahadi, 29 ga Satumba

Yau Kaka ta zo ta tsaya a kaina. Na ɗauko wuƙa ta ce in ajiye. Ba a feraye dankali mai gari kafin dahuwa, zai sha ruwa ya zama kunu. A wanke shi, a zaɓi masu girma ɗaya, a sa a ruwan sanyi mai gishiri. In ya yi kamar minti 15 yana tafasa, a tsiyaye kashi biyu cikin uku na ruwan, a rage wuta, a rufe, sauran dahuwar turare ne kamar na dambu. Da fatar ta soma tsagewa, farin ciki yana leƙowa, ta ce, "Kin gani, sun fara dariya." Sai a zubar da sauran ruwan, a shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan dankalin, a mayar da murfi, a bar shi minti biyar a gefen wuta tsumman ya shanye tururi. Sannan a soke da cokali mai yatsu a ɓare da zafinsa. Yatsuna sun ji jiki.

Dalilin duk wannan ɗawainiya ɗaya ne: dankalin da ya ƙoshi da ruwa ba shi da wurin zuba madara da mai. Na farfasa Kerr's Pink ɗin da abin farfasawa na hannu, sau ƙalilan, na sa gishiri kaɗai na ɗanɗana. Wallahi na yi shiru. Rabin daɗin da nake jingina wa man shanu ashe na dankalin ne.

Ganyen kuma kel ne, ɗan'uwan kabeji da ba ya naɗe kai, bakinsa a cukurkuɗe kamar leshi. A zare jijiyar tsakiya, a jefa a tafasasshen ruwa mai gishiri minti uku zuwa huɗu, a tsame, a matse shi tsam kamar zogalen kwaɗo, a yanka ƙanana. Wanda ya yi ƙyuyar matsewa zai ga koren ruwa yana bin gefen faranti. Wasu gidajen kabeji suke sawa, musamman mai ƙudurarren ganye. Kaka ta ce duka daidai ne, amma fuskarta ba ta ce haka ba.

Na ɗan tsokane ta. Wani mutumin Wales, William Bulkeley, ya rubuta a littafin da yake ajiye labarin kwanakinsa cewa a daren 31 ga Oktoba na 1735 ya ci wannan abinci a Dublin, kuma abin da ya lissafa kabeji ne da dankali da fasnif, wata farar saiwa mai kama da karas. Na ce kin ga, bai ambaci man shanu ba. Ta ce baƙo ne, kuma namiji, bai leƙa kicin ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ranar madara. Na dafa kilo ɗaya na raba kwano huɗu. Kowace madara na ɗora ta a wuta da yankakken lawashin albasa har ta kusa tafasa, na sauke na bar ta minti biyar ta ɗauki ƙamshi. Da zafinta ake zubawa, wannan na koya tun ranar abin kunya.

Ta kwakwa ta fita tun loma ta farko, ta mayar da abin wani abincin daban. Ta ots ta ba ni mamaki: kwalin ya ce ba a ƙara sukari ba, amma zaƙi ya fito fili, domin wajen sarrafa ta ana farfasa sitacin hatsin ya koma sukari. A shayi ba laifi, a dankali kamar an yi kuskuren cokali. Ta kashu, wadda na jiƙa gram 40 a ruwan zafi na markaɗa da ruwa, ita ta fi kauri da laushi, Maigida ita ya zaɓa. Sai dai makarantar su Auta ba a shiga da abinci mai dangin gyaɗa, ni kuma ina so in riƙa zuba masa ragowa a kwanon makaranta. Ta waken suya marar sukari ta rage. Ina tsoron ƙarnin wake, irin na awarar da ba ta ji wanki ba, amma lawashin ya danne shi sarai. Ita na riƙe.

Wani abin dariya: duk kwalayen nan ba wanda aka rubuta madara a jikinsa, sai "abin sha". A 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa abin da aka yi da tsiro ba za a sayar da shi da sunan madara ko bota ko cuku ba. Mu da muke ce wa na gyaɗa mai, na shanu mai, na mota ma mai, da wannan shari'a ta same mu da alƙali ya gaji.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Nan ne gizo ke saƙa. Sati guda ina fama da mai, kuma sai yanzu na gane man shanu aiki uku yake yi a kolkanon, ni kuwa ina neman abu ɗaya da zai yi duka. Yana shiga cikin dankalin ya ba shi laushi. Yana ba shi ƙamshi da ɗan garɗin nono. Sannan akwai rijiyar nan ta tsakiya, wadda kowa ke ɗebo loma daga gefe ya tsoma a ciki, kamar yadda muke gutsuro tuwo mu dangwali miya. A cikin dankali mai yana iya ɓuya. A rijiya ba shi da maɓoya.

Na laushi bai ba ni wuya ba. Man zaitun ya yi, sai dai ɗacinsa na fitowa. Man rafsid da ake matsewa a nan ƙasar, daga shukar nan mai furanni rawaya da ke cika gonaki a watan Mayu, ya fi dacewa, ga launi kamar na man shanu. Amma da na zuba shi a rijiya, sai ya tsaya yana kallona kamar man fitila. Ba ya kama loma, zamewa yake.

Dalilin a bayyane yake in an duba. Man shanu ba mai ne zalla ba: kashi 80 da ɗan wani abu cikin ɗari ne mai, kusan kashi 16 ruwa, sauran ɓurɓushin nono. Kuma yana narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a kan harshe daidai lokacin da ake so. Man kwakwa tun wajen digiri 24 ya zama ruwa. Don haka na tafi shago neman botar tsiro, na tsaya gaban firij da tabarau kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Dokar nan ta tilasta a fito da sunan duk abin da ke tayar wa mutane da borin jini, iri 14, a rubuta shi daban yadda ido zai kama, kuma da wannan na tsira. Robobi biyu masu hoton ganye da furen rana, na juya bayansu na ga tsala a ciki, wato nonon da aka kaɗe aka cire wa mai. Da na yarda da hoton gaba da mun kwana a asibiti. Masu laushin nan na roba kuma ruwa ya yi musu yawa, na gwada ɗaya marar nono, ta narke ta jiƙa mini dankalin da na sha wuyar busarwa.

Wadda ta yi ita ce mai tauri, ta cikin takarda kamar sabulu. Ina karanta bayanta sai na ga abin da ya fi yawa a ciki man kaɗanya ne, sannan na kwakwa da na rafsid. Na yi dariya ni kaɗai a shago har wata mata ta waiwayo. Man kaɗen da kakata ke shafa mana a kaushi da hunturu, take kuma soya ƙosai da shi in man gyaɗa ya yi tsada, shi ne aka tace aka cire masa wari aka naɗe a takarda mai ƙyalli, ana sayar mini da tsada a bakin tekun Atilantika. Kaɗanya ba ta fitowa a Turai. Daga yankinmu ake kwaso ta, tun daga Mali da Burkina Faso da arewacin Gana har Najeriya. Hikimar sa shi a fili take, yana daskarewa a ɗaki ya narke a baki.

Laushi ya samu, narkewa ta samu. Ƙamshi ne babu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Guguwar da suka sa wa suna Ashley ta hana kowa fita, iska kamar za ta ɗage rufi. Zaman gida ya sa ni ƙirƙire-ƙirƙire. Na sa garin yis ɗin nan da masu ƙin nama ke barbaɗawa a komai: rabin ƙaramin cokali ya taimaka, cokali guda ya mayar da shi kamar cuku. Na matsa lemon tsami kaɗan, ya farkar da dankalin, amma tsaminsa na 'ya'yan itace ne, ba na ƙwarya ba. Daga nan shaiɗan ya raɗa mini daddawa. Na daka ɗan mitsitsi na sa. Gaskiya ya yi daɗi, Maigida har da neman ƙari da yaji, amma ba kolkanon ba ne kuma, faten Hajiya ne ya biyo ni ta bayan gida. Zan sake yin sa, da sunansa daban.

Abin da na samu na gaske yau ɗumame ne. Ragowar jiya na mulmula na danne da tafin hannu, na barbaɗa fulawa, na soya a kasko da ɗan mai har bayan ya yi ja. Yaran sun fi son sa a kan sabo.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kaka ta kawo wata magana. A al'adarsu ana ɓoye abubuwa cikin kolkanon na wannan dare: zobe, kuɗi, maɓalli, da 'yar hular ƙarfen da maɗinka ke sawa a yatsa. Wanda ya ci karo da zobe wai zai yi aure, mai kuɗi zai yi arziki, mai maɓalli ko hular zai tsufa ba aure. Daren kansa tsohon bikin ƙarshen kaka ne da shigowar hunturu, Samhain, wanda ya girmi zuwan Kiristanci ƙasar. Na faɗa wa Maigida ya ce abinci dai za mu ci don haƙƙin maƙwabtaka, amma ba za a yi wa 'ya'yansa duba a faranti ba. Na je ina ta kwana-kwana yadda zan faɗa mata kada ta ji haushi. Ta kwashe da dariya. Ta ce uwarta ba ta taɓa sa zobe ba, sulalla kawai take naɗewa a takarda ta tura ƙasan kwano, don ta san ba yaron da zai ci koren ganye sai an biya shi. Mun tsaya a kan kuɗi, kyauta ce ba fassara, kuma a naɗe da girma yadda ba mai haɗiyewa.

Litinin, 28 ga Oktoba

Hutu ne yau, jiya kuma aka mayar da agogo baya, biyar da 'yan mintuna rana ta faɗi. Na yi gwajin ƙarshe. Ga inda na tsaya, na mutum biyar: Kerr's Pink kilo ɗaya da rabi, kel gram 300 kafin a zare jijiya, lawashi takwas, madarar waken suya mililita 250, botar tsiro mai tauri gram 80 a cikin dankali, gishiri, farin masoro, da yis rabin ƙaramin cokali. Botar ce ke fara shiga dankalin da zafinsa, kafin madara, in mai ya riga ya lulluɓe garin ba ya saurin yin danƙo. Ganye a ƙarshe, a juya da cokali a hankali kamar mai gudun tashin jariri.

Rijiya kuma na samo mata dabara. Na narka bota gram 60 a wuta kaɗan, ba a bari ta soyu, na sauke, na zuba kindirmon waken suya cokali biyu da ruwan dahuwar dankali cokali ɗaya da gishiri, na kaɗa da maburgi. Ta yi fari-fari, ta kama loma, ga ɗan tsamin ƙwarya da nake nema. Sai dai bayan minti goma ta rabu, mai a sama, fararen ɗigo a ƙasa. Na kai wa Kaka ina ba da haƙuri. Ta leƙa ta ce, "Yo man shanun ma ai haka yake yi." Kwana nawa ina yaƙi da abin da ba laifi ba ne.

Ta tsoma, ta tauna, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce dankalin ya yi, ganyen ya yi, kuma ba ta zaci zan kawo nan ba. Na ce amma? Ta ce amma ba ta ji saniya ba. A gidansu a Mayo uwarta ke kaɗa man da kanta daga kirim ɗin da ya kwana biyu ya ɗan yi tsami, ta ce ko na shago na yanzu bai kai wannan ba, balle nawa. Wannan na gane shi sarai. Ni ma duk man da aka zuba mini a tuwo in ba na Fulani ba ne, wanda aka soya da albasa, hancina yana sani.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Jiya muka ci. Na ninka awon, na kai tukunyar naɗe da tawul. Kaka ta juye a babban kwanon uwarta, ta haƙa rijiyar da bayan cokali, na zuba. Ana ta buga ƙofa, yaran unguwa cikin shigar dodanni suna neman alewa, tana tashi tana dawowa.

Auta ya ɗebo daga gefe ya tsoma kamar yadda ya ga ana yi tun watan jiya. Ya ci, ya ƙara, yana ture ganyen gefe da yatsa, har sai da yayarsa ta raɗa masa cewa kuɗin a ƙarƙashin ganye suke. Ya samu yuro biyu. Na duba wuyansa da bayan kunnensa sau uku kafin mu kwanta, ba ko ɗigo.

Kaka ta yi loma uku a rijiyata. Daga nan ta tashi ba ta ce uffan ba, ta ɗebi nata a faranti daban, ta koma can ƙarshen tebur nesa da Auta, ta yanko man shanunta da wata wuƙa ta dasa a tsakiya. Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji.

Kuskure ɗaya: da na ninka awo ban ƙara lokacin tsumma ba, ƙasan tukunyar ya ɗan yi ruwa. Minti takwas zan ba shi nan gaba. Ƙamshin kuma ban haƙura ba, ina so in bar kindirmon ya kwana a waje ya ƙara tsami, in kuma gwada soya 'yar albasa a cikin botar in tace, irin yadda muke yi wa man shanu.

Da za mu fito ta miƙo mini magogin ƙarfe, tsoho, haƙoransa sun ɗan lanƙwashe. Wai saura bokisti, wainar dankalin mutanen Mayo da Leitrim da Cavan, rabi ɗanye a goge a matse, rabi dafaffe, da fulawa da bakar soda. Da tsala ake kwaɓa shi. Na riga na zuba lemon tsami cokali ɗaya a kofin madarar waken suya, tana kan kanta tana guda. Gobe Asabar, in Allah ya kai mu.